Inshorar Alhaki Ga Masu Ba da Hayar Gida ta Gajeren Lokaci

Hayar gida ta gajeren lokaci ita ce mutum ya ba wa baƙo ɗaki, ko sashe, ko gida sukutum da kayan cikinsa, ya zauna kwana ɗaya ko mako guda ko abin da bai zarce wata ba, a kan kuɗin da suka daidaita. A biranen Legas da Abuja jama'a sun fi sanin irin waɗannan gidaje da sunan shotlet. Inshorar alhaki kuwa yarjejeniya ce tsakanin mai masauki da kamfanin inshora, inda kamfanin yake ɗaukar nauyin biyan diyyar da shari'a ta ɗora wa mai masaukin idan baƙo, ko maƙwabci, ko mai wucewa ya ji rauni, ko ya rasa ransa, ko dukiyarsa ta salwanta ta dalilin gidan. Haka kuma kamfanin ne yake biyan kuɗin lauya da na zirga-zirgar kotu, ko da daga bisani an wanke mai masaukin.

Ya kamata tun da farko a bambanta wannan da inshorar gini da kaya. Ita waccan tana biyan mai gida asarar da ta faɗa wa dukiyarsa, kamar gobara ko ambaliya ko sata. Ita kuwa inshorar alhaki asarar wani take biya. Bambancin yana da girma, domin kowa ya san darajar gidansa, ya kuma san iyakar abin da zai rasa idan ya ƙone. Amma babu mai iya faɗin iyakar diyyar da kotu za ta yanke a kan matashin da ya faɗo daga bene ya karya ƙashin baya, wanda zai ƙare rayuwarsa a kan keken guragu. Irin wannan hukunci yana iya cinye gidan, ya bi sauran dukiyar mai shi.

Tushen alhakin a shari'a

A ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila, ciki har da Amurka da Najeriya, alhakin mai masauki ya ginu ne a kan abin da ake kira sakaci. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a wannan fanni ita ce ta Donoghue da Stevenson, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a shekarar 1932, bayan wata mata a garin Paisley ta yi ƙarar cewa ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a cikin kwalbar lemon da aka saya mata. Abin da aka tsayar a wannan hukunci shi ne, wajibi ne mutum ya yi hattara gwargwadon hankali kada aikinsa ko sakacinsa ya cutar da wanda yake iya hango cewa abin zai shafa. A shekarar 1957 Ingila ta kafa doka ta musamman a kan alhakin wanda yake riƙe da gini, wadda ta wajabta masa tabbatar da cewa wanda ya gayyato bai gamu da haɗari ba a cikin abin da aka gayyace shi domin sa.

Kalmar "wanda yake riƙe da gini" tana da muhimmanci. Alhakin yana bin wanda ikon gidan yake hannunsa, ko shi ya mallake shi ko ba shi ba. Saboda haka ɗan hayar da ya karɓi gida daga mai shi, ya zuba kujeru da gadaje, ya riƙa saukar da baƙi yana karɓar kuɗi, ya shiga sahun waɗanda za a iya kai ƙara.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma a nan ne matsalar take. Ɗan haya na shekara ya san matakalar da take santsi, ya san makunnin wutar da yake ja, ya san ƙofar da take cijewa. Baƙon kwana biyu bai san ko ɗaya ba. Sau da yawa da dare yake isowa, a gajiye, da yara ƙanana, wani lokaci kuma babu kowa a gidan sai lambobin buɗe ƙofa da aka tura masa ta waya. A gidan da baƙi suke sauyawa kowane mako, kullum akwai sabon mutumin da bai san inda haɗari yake ba.

Abin da ya sa inshorar gida ba ta wadatarwa

A Amurka, inda wannan sana'a ta fara bunƙasa ta hanyar intanet, mafi yawan masu gidaje suna da inshorar gida, domin bankin da ya ba da rancen sayen gidan ba ya yarda sai da ita. A cikin takardar akwai sashen alhaki, wanda galibi yake farawa daga dala dubu 100. Wannan ne ya sa masu masauki da yawa suka ɗauka cewa suna da kariya. Sai dai takardun suna ɗauke da sharaɗin da ya cire duk wani rauni ko asara da ta taso daga harkar kasuwanci. Idan abokin mai gida ya zo ziyara ya zame a banɗaki, inshorar za ta biya. Idan kuwa wanda ya zame ɗin kuɗi ya biya ya kwana, kuma saukar da baƙi ya zama sana'ar mai gidan, kamfanin yana da hujjar ƙin biya.

Hujjar kamfanonin ba ta rasa tushe ba. Kuɗin da mai inshora yake zubawa duk shekara an ƙiyasta shi ne a kan haɗarin gidan da iyali ɗaya suke zaune a ciki. Da zarar gidan ya koma masauki, haɗarin ya ƙaru, alhali kuɗin bai ƙaru ba. Bugu da ƙari, yarjejeniyar inshora ta ginu a kan cikakkiyar gaskiya: wajibi ne mai neman inshora ya bayyana duk abin da zai iya sauya ra'ayin kamfani game da karɓarsa ko farashin da zai sa masa. Wanda ya ɓoye cewa yana saukar da baƙi na kuɗi yana iya rasa har kariyar gobarar da ba ta da alaƙa da baƙon, domin kamfanin na iya soke takardar baki ɗaya. A shekarar 2017 ofishin ISO, wanda yake tsara samfurin takardun da kamfanonin inshorar Amurka da dama suke amfani da su, ya fitar da sababbin sharuɗɗa da suka ambaci wannan sana'a da sunanta. Ɗaya ya fayyace cewa takardar gida ta yau da kullum ba ta ɗauke ta ba, wani kuma ya ba da damar a ƙara kuɗi a sayi kariyar.

Yadda kamfanonin intanet suka shigo ciki

An kafa kamfanin Airbnb a birnin San Francisco a shekarar 2008, a hannun Brian Chesky da Joe Gebbia da Nathan Blecharczyk. A shekarunsa na farko matsayinsa shi ne cewa shi dillali ne kawai, aikinsa haɗa mai ɗaki da mai neman ɗaki, abin da ya biyo baya kuma tsakaninsu ne. Wannan matsayi ya rushe a tsakiyar shekarar 2011, lokacin da wata mai masauki a San Francisco ta dawo daga tafiya ta tarar baƙon da ta saukar ya yi wa gidanta kaca-kaca, ya kwashe mata kaya da takardu. Labarin ya bazu, har shugaban kamfanin ya fito fili ya nemi gafara. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin ya yi alkawarin biyan masu masauki ɓarnar da baƙi suka yi musu har zuwa dala dubu 50, sannan a 2012 ya ɗaga adadin zuwa dala miliyan 1.

Wannan alkawari, duk da girman adadinsa, dukiyar mai masauki kaɗai ya shafa. Bai ce komai ba game da baƙon da ya ji ciwo. Sai a watan Janairun 2015 ne kamfanin ya fara ba da inshorar alhaki ta dala miliyan 1 ga masu masauki a Amurka, kuma da farko sai inshorar mai gidan ta ƙi biya ko ta gaza kafin ta kamfanin ta shigo. Kafin ƙarshen shekarar aka mayar da ita ta zama ita ce ta farko wajen biya, aka kuma faɗaɗa ta zuwa wasu ƙasashe. Kamfanin HomeAway, wanda yanzu ake kira Vrbo, ya bi sahu a 2017 da tasa inshorar ta dala miliyan 1. A watan Nuwamban 2021 Airbnb ya haɗa tsare-tsarensa biyu a ƙarƙashin suna guda, AirCover, kuma bayan shekara ɗaya ya ɗaga kariyar ɓarnar dukiya zuwa dala miliyan 3, ya bar ta alhaki a kan miliyan 1.

Wanda ya bibiyi wannan tarihi zai lura cewa kusan kowane mataki bayan aukuwar wani abu aka ɗauke shi. A daren 31 ga Oktoban 2019 an yi harbe-harbe a wani biki da aka shirya a gidan haya na Airbnb a garin Orinda na jihar Kalifoniya, mutum 5 suka rasa rayukansu. Bayan haka ne kamfanin ya fara hana gidajen da aka mayar wuraren casu, a watan Agustan 2020 ya hana bukukuwa a dukkan gidajen da ke shafinsa na wucin gadi, sannan a watan Yunin 2022 ya mayar da haramcin na dindindin. A watan Oktoban 2022 kuma Amurkawa 3 suka mutu a wani gidan haya a birnin Meziko, inda hukumomi suka danganta mutuwar da shaƙar iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce iskar da take fita daga hayaƙin janareta da gawayin da aka hura a rufaffen ɗaki, kuma ba baƙon abu ba ce a Najeriya, inda ta sha hallaka iyalai cikin barci.

Inda kariyar shafukan take tsayawa

Bisa bayanin Airbnb, inshorar alhakinsa tana ɗaukar raunin da baƙo ko wani ya ji, da lalacewa ko satar kayan baƙo ko na wani, da ɓarnar da baƙo ya yi a wuraren da mazauna gini suke tarayya a kansu, kamar zaure da matakala, ko a gidajen maƙwabta. Ba ta ɗaukar abin da aka aikata da gangan. Ita kuwa kariyar ɓarnar dukiya ta dala miliyan 3, kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba takardar inshora ba ce: alkawari ne daga gare shi, mai wa'adi da sharuɗɗan da shi ya gindaya. Har ila yau kamfanin yana faɗa wa masu masauki cewa tsarin nasa bai maye gurbin inshorarsu ta kashin kansu ba.

Giɓi mafi girma shi ne wannan: kariyar tana aiki ne a kan zaman da aka yi rajistarsa aka kuma biya kuɗinsa ta shafin kamfanin. Baƙon da ya ji daɗin gida a zuwansa na farko, ya karɓi lambar mai masauki, ya dawo karo na biyu suka daidaita ta waya domin su kauce wa kamashon kamfani, ba ya cikin lissafi. Haka wanda ya ƙara kwana biyu a kan wa'adinsa ya miƙa kuɗi hannu da hannu. Haka wanda dillali ya kawo, ko wanda ya ga tallar gidan a Instagram ko WhatsApp. Gida ɗaya ne, matakala ɗaya ce, amma baƙon daren Litinin yana da inshora a bayansa, na daren Talata ba shi da ita.

Akwai kuma batun iko. Mai masauki ba shi ya sayi takardar ba, ba shi ya zaɓi kamfanin da ya rubuta ta ba, kuma ana iya sauya sharuɗɗanta ba tare da an nemi yardarsa ba. Wannan ne ya sa waɗanda suka ɗauki sana'ar da gaske a Amurka da Turai suke sayen takardarsu ta kasuwanci, wadda take bin gidan duk shekara ko ta wace hanya baƙo ya zo, su ɗauki ta shafin a matsayin ƙari.

Wuraren da doka ta wajabta ta

Birnin San Francisco ya sa sharaɗin inshorar alhaki ta aƙalla dala dubu 500 a dokarsa da ta fara aiki a 2015. Jihar Massachusetts ta zarce haka. Dokar da Gwamna Charlie Baker ya sa wa hannu a watan Disamban 2018, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2019, ta wajabta wa duk mai ba da hayar da ba ta wuce kwana 31 ba ya kasance da inshorar alhaki ta aƙalla dala miliyan 1, sai dai idan shafin da yake amfani da shi ya tanadi daidai da haka ko fiye. Dokar ta kuma wajabta masa sanar da kamfanin inshorar gidansa cewa yana da niyyar saukar da baƙi. A yankin Sikotilan na Birtaniya, tun daga ranar 1 ga Oktoban 2022 ake buƙatar lasisi kafin a fara wannan sana'a, kuma inshorar alhaki tana cikin sharuɗɗan lasisin.

Matsayin doka a Najeriya

Mutane da yawa suna ɗauka cewa inshorar mota ce kaɗai tilas a Najeriya. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta yi wa kowane ginin jama'a inshora a kan rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya, kuma ya ce dole takardar ta ɗauki alhakin mai ginin ko wanda yake riƙe da shi game da rauni ko mutuwa ko asarar dukiyar masu amfani da ginin da sauran jama'a. Ma'anar da dokar ta ba "ginin jama'a" tana da faɗi, domin ta haɗa da gidan haya, da ɗakunan kwanan ɗalibai, da ginin da ɗan haya ko mai kama ɗaki yake ciki. A ƙarƙashin waccan doka, hukuncin wanda ya saɓa ya kasance tarar naira dubu 100 ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun. A shekarar 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Sake Fasalin Harkar Inshora, wadda ta soke ta 2003, amma ta bar wajibcin inshorar gine-ginen jama'a, ta kuma tsananta hukunci. Hukumar Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce take sa ido a kan kamfanoni da dillalan inshora, kuma a wurinta ake tabbatar da ko kamfani yana da lasisi.

Gaskiyar magana ita ce an daɗe ana sakaci da wannan sashe na doka, kuma galibi sai gini ya rufta ake tunawa da shi. Sai dai rashin tsaurara doka bai sauke alhakin diyya daga kan mai gida ba. Wanda ya ji rauni yana da damar zuwa kotu ko akwai inshora ko babu. Bambancin kawai shi ne daga aljihun wa kuɗin zai fito.

Ga waɗanda suke ƙaurace wa inshorar da aka saba saboda dalilin addini, akwai tsarin takaful, inda mahalarta suke zuba gudummawa a asusu guda domin tallafa wa wanda asara ta faɗa wa, kamfani kuma ya kula da asusun a kan lada, a raba rarar da ta saura. An fara irin wannan kamfani a ƙasar Sudan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi a 2016.

Abubuwan dubawa kafin sa hannu

Abu na farko shi ne a rubuta a fili a cikin takardar cewa gidan na saukar da baƙi ne na gajeren lokaci a kan kuɗi. Maganar baki da wakilin kamfani ba ta tsayawa a gaban alƙali. Daga nan sai a dubi adadi, domin yawanci iyaka biyu ce: abin da kamfani zai biya a kan haɗari guda, da jimillar abin da zai biya a cikin shekara. A tambaya ko kuɗin lauya yana cikin wannan adadi ko a wajensa yake, saboda doguwar shari'a tana iya cinye rabinsa kafin a kai ga hukunci. A kuma san kason farko na kowace asara da aka ce mai masauki ne zai biya da kansa.

Shafin da ya fi cancantar a karanta a tsanake shi ne na abubuwan da aka cire. Wurin ninkaya, da karen gadi, da lilon yara, da barandar bene, da taron biki, da abin hawa da aka ara wa baƙo, duk suna cikin abubuwan da kamfanoni suke cirewa ko su nemi ƙarin kuɗi a kansu. Ma'aikatan gida kamar maigadi da mai shara da mai dafa abinci galibi ba sa shiga inshorar alhaki ta jama'a, domin raunin ma'aikaci yana da tasa dokar, wato Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF take aiwatarwa. Wanda kuma haya ya karɓi gidan, ya nemi rubutaccen izinin mai shi kafin ya fara saukar da baƙi, ya kuma nemi a sa sunan mai gidan a cikin takardar, tun da lauyan wanda ya ji rauni yakan haɗa su duka biyun a ƙara. Har ila yau a Najeriya ana aiki da ƙa'idar cewa babu kariya sai an biya kuɗin inshora tukuna, wadda NAICOM ta tsaurara tun daga farkon 2013. Takardar da aka karɓa bisa alkawarin za a biya daga baya ba ta da amfani ranar da abu ya faru.

Kamfanoni suna kuma sa ran mai masauki ya yi nasa ƙoƙarin. A ajiye janareta a waje nesa da taga, a sa na'urar jin hayaƙi da ta iskar guba, a tanadi tukunyar kashe gobara, a duba tukunyar gas da wayoyin lantarki a kai a kai, a tabbatar akwai hanyar fita daga ɗakunan da aka sa wa tagoginsu ƙarfen hana ɓarayi. A riƙa adana rasit da hotunan kowane gyara da kwanan watansa, domin su ne shaidar cewa ba a yi sakaci ba.

Idan haɗari ya auku, a fara da kai wanda ya ji rauni asibiti. Bayan haka a ɗauki hoton wurin kafin a gyara komai, a rubuta sunayen waɗanda suka shaida, a sanar da kamfanin inshora a rubuce cikin wa'adin da takardar ta ƙayyade. A nan akwai wani sharaɗi da yake yi wa mutanenmu nauyi, domin ya ci karo da al'ada: kusan kowace takardar alhaki tana hana mai inshora amsa laifi ko yin alkawarin biyan diyya ba tare da izinin kamfani ba. Jajantawa da zuwa dubiya ba su saɓa wa sharaɗin ba. Amma wanda ya zauna da dangin baƙo a gaban dattawa, ya amsa cewa laifinsa ne, ya yanka adadin da zai biya, sannan ya kai wa kamfani takardar sulhun yana neman a mayar masa, kamfanin yana da damar ƙin biya ko da asalin haɗarin yana cikin abin da takardar ta ɗauka. Idan ana son sulhu, a sanar da kamfanin tun kafin zaman, ya turo wakilinsa ko ya ba da amincewarsa a rubuce.